Yadda Na Koyi Ƙirga Ƙashin Baya

Ku da kuke zuwa zaurena bayan la'asar kuna nuna mini wayoyinku, wai ga wani can yana murɗa wuyan mutum har ya yi ƙara, mutumin ya tashi yana dariya, kuna cewa ashe ɗori ba wuya, ku gyara zama. Ba faɗa zan yi muku ba. Ni ma da nake kamar ku haka na ɗauka. Labarin gadon baya zan ba ku, don a nan ne na san iyakar hannuna.

A Badafi aka haife ni, ta ƙasar Kiru, aka raɗa mini suna Salisu. A hannun ƙanin mahaifiyata, Kawu Ilu, na koyi ɗori. Shekarata ta farko a wurinsa ban taɓa jikin mutum ba. Aikina in sari gora in fere ta sirara, in jera in saƙa da zare kamar ƙaramin asabari, wanda ake naɗe karaya da shi. In yaga tsohon farin yadi in wanke in shanya. In narka man kaɗanya in tace. Kayan aikinmu ke nan gaba ɗaya, sai wata 'yar wuƙa da Kawu ke ajiyewa a aljihu. In aka kawo mai karaya, ni ne mai riƙe kafaɗa ko cinya, ina kallo. In na yi tambaya a gaban mutane, sai ya yi kamar bai ji ba. Sai an watse zai ce, "To, me ka gani ɗazu?"

Wata ranar kasuwa ya aike ni rumfar mahauta, ya ce in tsaya har a gama fiɗa, in karɓo masa gadon bayan akuya ɗungurungum, kada a sara. Na kawo. Ya sa na dafa shi a tsohuwar tukunya har naman ya zube, ƙasusuwan suka rabu ɗaya-ɗaya. Ya zuba su a tabarma, ya ɗaure mini ido da rawaninsa, ya ce in jera su yadda suke a jikin akuyar. Na fi wata guda ina wannan kafin ya ce ya yi. Da yatsa na gane cewa na wuya daban suke, na wajen haƙarƙari suna da doguwar ƙaya a baya, na ƙugu kuma masu kauri ne. Kowanne yana da rami a tsakiya. In ka jera su daidai, ramukan sai su haɗu su zama hanya ɗaya, tun daga ƙeya har ƙasa.

Ranar da na iya jerawa, Kawu ya tsinko ɗanyen ganyen albasa, ya zura shi ta ramin ƙashi biyu. Ya ce, "Wannan ita ce laka. Duba." Ya ɗan ture ƙashi ɗaya gefe, ba ko da ƙarfi ba. Da ya zaro ganyen, ya tsinke rabi, yana ruwa.

Ya ce, "Ƙashi in ya karye yana haɗewa. Wannan ban taɓa ganin ta haɗe ba. Hannu namu ne, ƙafa tamu ce, haƙarƙari da kafaɗa duk namu ne. Mai ciwon baya in ya shigo zauren nan da ƙafarsa, ka shafa masa. In ɗauko shi aka yi, kada ka ja, kada ka danna."

Na ce, "To Kawu, sai a yi masa me?"

Ya ce, "Sai ka faɗa wa masu shi gaskiya."

Mai ciwon baya na farko da Kawu ya bar mini ni kaɗai wani manomi ne daga wajen Tudun Wada, Malam Audu. Ya zo a kan jaki, ya sauka da kyar, yana dafe da cinya. Ya ce ƙafarsa ta dama ce ta lalace, tun daga ɗuwawu har diddige kamar ana zuba masa garwashi. Na duba ƙafar ciki da waje, ba kumburi, ba targaɗe. Na tambaye shi me ya yi kafin abin ya fara. Ya ce buhun masara ya sunkuya ya ɗaga, ya ji wani abu ya ce ƙas a kwankwasonsa, amma wannan ya wuce, ƙafar ce damuwarsa. Na kwantar da shi rigingine, na ɗaga ƙafar a miƙe. Ba ta yi nisa ba ya ce in tsaya.

Abin da ke faruwa ke nan. Tsakanin kowane ƙashin baya da ɗan'uwansa akwai guringuntsi mai taushi, kamar gammo, shi ke hana su goga juna. Ta gefe da gefe kuma jijiyoyi ke fitowa daga laka, su bi jiki. Waɗanda suka fito ta ƙugu su ke sauka ƙafa. In gammon nan ya matse ya ɓullo gefe, sai ya danne jijiya, mutum ya ji ciwo a diddige alhali matsalar tana kwankwaso. Malam Audu bai yarda ba. Ya ce shi ƙafa ya kawo, ƙafa za a gyara masa. Na shafa masa ƙafar don ransa ya kwanta, sannan na gasa masa ƙugun da ruwan ɗumi, na shafa man kaɗanya, na ce ya bar gado mai lotsawa ya koma tabarma na 'yan kwanaki, in zai ɗaga kaya ya durƙusa da gwiwa, kada ya sunkuya. Bayan girbi ya aiko mini da zabi biyu, da saƙon cewa shafar ƙafar nan ta yi masa amfani ƙwarai.

A farkon shekarun tamanin Kawu ya sallame ni, na koma Doguwa na kafa zaurena. Can akwai aiki. Duwatsu ne, hanyoyin daji ne, ga makiyaya, ga masu saran itace. Cikin shekara biyu sunana ya shiga rugage. Na mayar da kafaɗun da suka goce ba adadi, na ɗora ƙauri, na ɗora cinya, mutane suka tashi suka yi tafiya. Ina ɗan shekara talatin ana ce mini Malam, dattawa na cire takalmi a ƙofar zaurena. Wannan ya shige ni fiye da yadda na sani a lokacin.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya ɗauke da wuri, ciyawa ta ƙare tun kafin bazara. Makiyaya suka koma hawan bishiya suna sassaro wa shanu ganye. Wanda bai taɓa hawa ba ma ya hau. A watannin nan ba a kwana uku ba a kawo mini wanda ya faɗo ba.

Wata safiya da hantsi wani mutum ya zo a keke daga wata ruga ta gefen dajin Falgore, ya ce Ardo Manu na kirana, ɗansa Buba ya faɗo daga bishiyar kawo. Na san Ardo, na taɓa mayar wa ƙaninsa Jauro kafaɗa. Na san Buba ma, dogo ne, magidanci, sa'ana a shekaru, yana da mata da 'ya'ya biyu. Na ɗaura kayana a bayan kekena muka tafi.

Na same shi kwance a gefe a kan buzu, a inuwar bukka. A bargo suka ɗauko shi daga gindin bishiyar, mutum huɗu, kowa riƙe da kusurwa. Muka gaisa da Ardo, na durƙusa. Buba na cikin hankalinsa, gumi kawai yake yi. Na ce ya motsa mini yatsun ƙafa. Ya motsa, na dama sosai, na hagu kaɗan. Ya ce ƙafafun kamar tururuwa na bin su. Na ɗaga rigarsa na bi gadon bayan da yatsa daga wuya. Daidai inda haƙarƙari ya ƙare ƙugu ya fara, na ji ƙashi ɗaya ya tuɗo, ɗan'uwansa na ƙasa ya shige ciki.

Na tashi na ce wa Ardo, "Baffa, wannan na asibiti ne. Ba na taɓa baya."

Ya ce, "Malam, mota ba ta shigowa nan. Titi tafiyar rabin yini ce. Kuma waɗanda muka kai can ba duka suka dawo ba. Kai ne ka mayar da kafaɗar Jauro muna kallo. Wannan ma gocewa ce, ga ta nan ana gani."

Na ce, "Ba ɗaya ba ne, Baffa."

Ya ce, "Allah ne ke warkarwa, kai dai sa hannu. In ka tafi ka bar shi, wa muke da shi?"

Mutane sun kewaye mu. Matar Buba, Dije, tana tsaye a bakin bukka. Buba da kansa ya ce, "Malam, yi mini ko na samu sauƙi." Ba zan ce tilasta mini aka yi ba. Na sake taɓa wurin, na ji a raina cewa hannun da ya mayar da kafaɗa zai mayar da wannan. Na ce a kifa shi. Mutum biyu suka riƙe hammata, biyu suka riƙe idon sawu, na ce su ja. Na ɗora tafin hannuna a kan ƙashin da ya tuɗo, na danna da nauyina. Ya yi ƙara, ya koma. Mutane suka ce alhamdu lillahi.

Buba ya ɗan ɗago kai. Can ya ce, "Ku sake mini ƙafafun mana."

Sun riga sun sake shi. Na ce ya motsa yatsu. Ya ce yana motsawa. Babu abin da ya motsa. Na tsinko ƙayar bagaruwa na soka masa a tafin ƙafa, na soka a ƙauri, na soka a cinya. Yana kallona yana jiran in fara.

Na je gaban Ardo na durƙusa. Na ce, "Baffa, na yi ɓarna. A nemo ƙyaure."

Ruga ba ta da ƙyaure. Sai da aka je wani ƙauyen manoma aka cire na zauren mai unguwa. Muka mirgina Buba a kai gaba ɗaya, kafaɗa da ƙugu tare, na ɗaure shi da yadin da na zo da shi. Muka ɗauke shi a ka, ana karɓa-karɓa, har titi. Wata a-kori-kura mai itace ta tsaya, aka sauke rabin itacen, muka shiga da ni da Ardo da Dije, muka nufi babban asibiti a birni.

A can na haɗu da wani ma'aikacin ɗakin hoton ƙashi, Malam Yakubu, mutumin wajen Bebeji. Washegari ya fito ya tambayi wanene ya taɓa bayan. Na ce ni ne. Na zaci zai tara mini jama'a. Sai ya ce in biyo shi. Ya maƙala hoton Buba a jikin wani gilashi mai fitila, ya jawo wani ƙashin baya na roba da ke rataye a kusurwa, ya ce, "Malam, ka san nawa ne?"

Na ce, "Bakwai a wuya, goma sha uku a wajen haƙarƙari, shida a ƙugu."

Ya dube ni. Ya ce, "A ina ka ƙirga?"

Na ce, "A akuya."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Na akuya ka faɗa daidai. Na mutum sa hannu ka ƙirga."

Na bi da yatsa. Bakwai a wuya, wannan mun yi tarayya da akuya. Na farkon su kamar zobe yake, shi ke ɗauke da kai, na biyun yana da ɗan turke da zoben ke juyawa a kai, da shi mutum ke waiwaye. Goma sha biyu a bayan ƙirji, kowanne da haƙarƙari biyu a jikinsa, shi ya sa wajen bai cika lanƙwasa ba. Biyar a ƙugu, manya, su ke ɗauke da nauyin jiki. Ƙasa da su wasu biyar da suka manne suka zama ƙashi ɗaya mai faɗi tsakanin kwatangwalo, sai ɗan guntu a can ƙarshe, wanda mutum ke bugewa in ya faɗi zaune. Ya juya mini shi gefe ya ce in lura, ba a miƙe yake kamar sanda ba. Wuya ya ɗan shiga gaba, bayan ƙirji ya fito baya, ƙugu ya sake shiga. Ya ce wannan lanƙwasar ce ke sa mace ta ɗauki tulu a ka ta yi tafiya ba ta jijjiga ƙwaƙwalwarta ba.

Sannan ya ce, "Laka ita ke kai saƙo tsakanin kai da jiki. Duk inda ta yanke, abin da ke ƙasa da wurin ya daina jin magana. In a ƙugu ne, ƙafa da fitsari da bayan gida. In a wuya ne, har hannu. In can sama ne kusa da ƙeya, har numfashi." Ya ɗora biro a kan hoton. "Na mutuminka shi ne na goma sha biyu. Nan ne wurin da ba ya lanƙwasa ya haɗu da wurin da ke lanƙwasa, shi ya sa masu faɗowa daga sama suka fi karyewa a nan. Ba gocewa kawai ya yi ba, fashewa ya yi. Ga ɓallin da ya shiga cikin ramin."

Na ce, "Da ban danna ba fa?"

Ya ce, "Ban sani ba. Likita ma ba zai rantse maka ba. Wataƙila ɗaukar bargo ta riga ta fara ɓarnar. Amma kai ka ce yatsunsa na motsi kafin ka taɓa."

Na ce, "Suna motsi."

Ya ce, "To." Ya kashe fitilar.

Labari ya riga ni isa Doguwa. Zaurena ya zama wurin kwanan awaki. Wanda ɗansa ya karye sai ya wuce ta ƙofata ya kai shi wani gari. A masallaci ana gaisawa da ni, amma ba a tsayawa. Gorar da na fere ta bushe a jingine, gara ta shiga. Gona kuma ba ta ba da komai ba a shekarar. Na koma saran itace ina kaiwa bakin titi.

Na hau keke na je Badafi. Kawu Ilu a lokacin idonsa ya yi rauni, a zaure yake yini. Na ba shi labari tun daga farko ban rage ba. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Da ƙafarsa ya zo maka?"

Na ce, "A'a, Kawu."

Sannan ya ce, "Yanzu wa ke juya shi?"

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Mutumin da ba ya jin jikinsa, in ya daɗe a gefe ɗaya naman yana ruɓewa. Matarsa ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba. Me kake yi a nan?"

Ardo Manu bai kai ni gaban alƙali ba, ko da yake an zuga shi. Da aka sallami Buba bayan wata biyu, shanu sun riga sun yi kudu neman ciyawa, ba yadda za a bi daji da kwantacce. Na je na roƙi Ardo ya bar mini shi. Akwai ɗaki a bayan gidana, na gyara, na yi masa katifa da audugar rimi. Buba da Dije da 'ya'yansu suka tare.

Wannan aikin babu wanda ya taɓa nuna muku shi a waya. Wata ma'aikaciyar jinya ta koya mini kafin mu baro asibiti. Juyi daga wannan gefe zuwa wancan, kada ya daɗe. Duba ɗuwawu da kwatangwalo da diddige kullum, in ka ga wuri ya yi duhu ka ɗauke masa nauyi. Wanka, shanya, shafa mai. Lanƙwasa gwiwa da idon sawu a miƙe su, don kada su sandare. Ruwan sha da yawa saboda mafitsara. Ni da Dije muka raba, ita abin da ya shafi tsiraici, ni ɗagawa da juyi. Wani gyambo ya taɓa ɓullo masa a ƙashin ƙarshen nan, sai da muka yi wata uku muna fama kafin ya rufe.

Duk tsawon wannan Buba bai yi mini magana ba. In na yi sallama Dije ce ke amsawa. In na ɗaga shi sai ya kau da kai ya dubi bango. Ban nemi ya yi ba. Damina ta zo ta wuce. Wata rana ina miƙe masa gwiwa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam, ana samun kaba a garin nan?"

Na ce ana samu.

Ya ce, "Samo mini. Hannuna ƙalau suke."

Ya fara tufka igiya, da dabaibayi, da takunkumin maruƙa. Ya san irin wadda makiyayi ke so, don shi ma ya yi kiwo. Daga baya ya ƙara da malfa. Wani mai walda ya haɗa masa keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, ya samu gefen rumfa a kasuwa kusa da inda motocin hatsi ke lodi. Ni ma a hankali mutane suka fara dawowa. Ta farko wata tsohuwa ce da ta karye a wuyan hannu, ta ce ita ba ta da ƙarfin zuwa wani gari, in na ga dama in ƙarasa ta. Hannun ya haɗe lafiya, kuma bakinta ya fi na sanƙira mai shela.

Bayan shekaru, cikin na casa'in, ranar wata kasuwa da kaka, ina sayen gishiri na ji ana kirana. Wani ɗan dako mai suna Ɗanjuma ya zame daga saman motar masara, ya faɗo da ka. Na same shi rigingine, idonsa biyu, yana cewa wuyansa, kuma hannayensa na yi masa zir-zir har yatsu. Wansa, Haruna, ya riga ya sa hannu a ƙarƙashin ƙeyarsa zai zaunar da shi.

Na ce, "Haruna, cire hannunka a hankali." Na durƙusa ta saman kansa, na riƙe shi da tafuka biyu, daga kunne zuwa haɓa. Na ce wa Ɗanjuma kada ya gyaɗa, kada ya girgiza, in zai amsa ya amsa da baki. Na ce a kawo ƙyaure, da ƙullin gero biyu da za a tare kan da su dama da hagu.

Haruna ya ce, "Malam, wuya ne ya sandare. Ka ja shi ya koma mana."

Na ce, "Ba zan ja ba, kuma ba wanda zai ja."

Ya ce, "In ba za ka iya ba ka tashi, akwai masu iyawa. Da ma an ce kai ka kwantar da ɗan Ardo."

Ban ɗago ba, don in na ɗago hannuna zai motsa. Sai na ji ƙarar sarƙar keken Buba, mutane na buɗa masa hanya. Ya tsaya dab da Haruna.

Ya ce, "Ni ne ɗan Ardon. Gaskiya aka faɗa maka, shi ne. Ranar ma haka aka tsaya masa a ka, har da ni, aka ce ya ja. Ka dube ni da kyau, sannan ka faɗa masa abin da kake so ya yi wa ƙaninka."

Haruna ya dubi ƙafafun Buba da ke ɗaure a jikin keken da igiya. Ya juya ya tafi, ya dawo ɗauke da ƙyauren shagon wani mai tireda.

Mutum biyar muka mirgina Ɗanjuma a kan ƙyauren, ni ina riƙe da kai ina ba da umarni. Muka sa shi a bayan a-kori-kura. Tun daga Doguwa har ƙofar asibiti ban saki kan nan ba, ina durƙushe, duk ramin da mota ta faɗa sai na ji shi a haƙorana. Da ma'aikata suka karɓe shi, yatsuna sun ƙi miƙewa, sai da aka ɓamɓare su. Hoto ya nuna na biyar a wuya ya tsage, amma bai matsa ba. Aka ɗaure masa wuyan na watanni. Ya dawo kasuwa da ƙafarsa. Dako dai ya bari, ya koma sayar da rake, kuma in ka kira shi ta baya sai ya juyo da jikinsa duka.

Buba ya yi shekara goma sha wani abu a bayan gidana. Ya aurar da 'yarsa daga nan. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ranar da ya faɗo daga bishiyar kawo ba, ni da shi. Ciwon mafitsara ne ya riƙa dawo masa, ya taɓa ƙoda. Muka kai shi asibiti sau biyu, a na uku ya ce a bar shi a ɗakinsa. Ya rasu wata Laraba bayan azahar. Ardo ya riga shi rasuwa, sai ƙanin Ardo, Jauro, ya zo daga ruga da mutanensu. Dije ta aiko ta ce ni zan yi masa wanka, tunda ni na san jikinsa.

Muka yi da ni da liman da Jauro. Da muka juya shi gefe ina zuba ruwa, hannuna ya bi gadon bayan kamar yadda ya saba, daga wuya zuwa ƙasa, har wurin. Ƙashin ya daɗe da haɗewa, ya yi tauri, ya fi na kusa da shi kauri. Muka gama, muka sa masa likkafani. Da aka kawo makara, samari biyu suka kama kafaɗa da ƙafa za su ɗaga.

Na ce, "Ku dakata. Mutum ɗaya ya sa hannu a ƙugu. Ku ɗaga tare, kada bayan ya lanƙwashe."

Jauro ya dafa ni ya ce, "Malam, ai yanzu ba abin da zai same shi."

Na ce, "Na sani, Baffa. A dai ɗauke shi a miƙe."

Ya dube ni. Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya sunkuya, ya sa nasa hannun a ƙugun.